Farin Kambas Ɗin Gimbiya

Akwai wata yarinya a Kaura Namoda, sunanta Gimbiya. Zamanin muna cikin jihar Sakkwato ne, jirgin ƙasa bai daina zuwa tasha ba. Ku matan da ke turo mini tambaya kan gudun nesa, ku karanta da kyau. Ba ni son maimaita magana.

Gimbiya ta iya gudu. A makarantarsu, in aka ce yadi ɗari, bayan ɗankwalinta kawai ake gani. Ta kuma san ta iya. Matsalar ke nan.

Malamar wasanninsu ita ce Malama Rose, mutuniyar Filato. Wata rana ta je wurin Wakili, mai shirya gasar makarantun Kaura da Shinkafi da Zurmi. Ta roƙi a sa wa 'yan mata gudun mil uku, kamar na maza.

Wakili ya ce, "Malama, ɗiyan mutane na. Su faɗi kan hanya, a ce ni na ja."

"Ranka ya daɗe, a gwada su mana."

"To, sau guda. Kowane gari shi kawo ukku. In ukkun Kaura ba su kai ƙarshe duka ba, baɗi kar ki sake yi mani zancen ga."

Malama ta zaɓi Gimbiya, da Hindu, da wata mai shiru-shiru, Saliha. Sannan ta yi abin da ya ba mutane dariya. Ta je tasha ta kira Gwaggo Tani mai fura ta zo ta koya musu.

Gwaggo Tani ba ta taɓa shiga aji ba. Amma shekara ashirin tana tasowa daga ƙauyensu da ƙwarya a ka, tana sassarfa don ta riski fasinja kafin jirgi ya tashi. Ba a taɓa jin ta zubar ba.

Ta dubi yaran sama da ƙasa, ta ce, "Ku ji, ɗiyana. Tashin farko, ku yi kamar da ƙwarya cike bisa kanku. Kunu kaɗan da sassafe, ban da tuwo. Ku ɗaure ƙirji da majanyi ƙarƙashin riga, shi zauna wuri guda. Ruwa kuwa kurɓi-kurɓi, ba a yi mai shan raƙumi."

Hindu ta ce, "Gwaggo, yaya za mu san mun yi sauri da yawa?"

"Ki gaida ta kusa da ke. In kin kasa kai 'ina kwana' har 'ina gajiya', kin wuce ƙarfinki, ki rage."

Gimbiya ta tuntsire da dariya. "Malama, yanzu mai fura za ta koya mani gudu? Gasa za mu ko gaisuwar suna?"

Gwaggo Tani ta gyara gammonta ta tafi.

Wata guda Saliha da Hindu suna bin tsohuwar da safe, suna sassarfa suna gaisawa. 'Yan tasha har sun riƙa amsa musu, "Lahiya lau!" Gimbiya kuwa sai ta sheƙa gaba, ta zauna kan dakali tana jiransu tana firfita.

Ana nan yayanta, direban babbar mota, ya kawo mata kambas sabo fil daga Kano, fari tas. Sauran yaran tsofaffin takalman roba gare su. Ta kawo shi makaranta a kwalinsa, kowa ya taɓa, ta mayar.

Gwaggo Tani ta ce, "Ɗiyata, ki fara sa shi tun yanzu, shi san ƙafarki."

"Haba Gwaggo! Wa ka sa kayan sallah kafin sallah? Sai ranar."

Ta kulle shi a akwatin uwarta, tare da zannuwan biki.

Ranar gasa filin ƙwallo ya cika. 'Yan Shinkafi da 'yan Zurmi sun zo a motoci, har da makaɗa. Hanyar ita ce a fita fili, a bi bayan tasha, a zagaya wata babbar tsamiya, a dawo. Gimbiya ta fito da farin kambas, mata suka yi guɗa.

Wakili ya busa usur. Gimbiya ta fita kamar an harba ta. Kafin a kai tasha ta ɓace wa kowa.

Saliha ta riƙe ƙwaryar da ba a gani. Wata 'yar Zurmi ta zo kusa da ita, Saliha ta ce, "Ina kwana?" Yarinyar ta harare ta, ta ɗauka tsokana ce.

Sannu a hankali Saliha ta wuce 'yan Shinkafi, ta wuce 'yan Zurmi ɗaya bayan ɗaya. Ta zagayo tsamiya, ba kowa a gabanta. Sai ta ga Gimbiya zaune a kan saiwa, tana haki, tana hawaye. Sabon takalmi ya ɗaye mata dunduniya biyu.

Daga nan zuwa fili hanya a buɗe take. Da Saliha ta wuce, ita ce ta ɗaya. Amma Wakili uku ya ce.

Ta tsaya. "Tashi."

"Ba ni iyawa. Tafi abinki."

"In na tafi ni kaɗai, baɗi babu gudun mata. Cire shi."

"Kambas ɗin? Gaban mutane?"

"Mutanen ba su nan, tsamiya ce kaɗai. Cire!"

Gimbiya ta cire. Saliha ta yage gefen ɗankwalinta, ta ɗaure mata dunduniyar. Suka ƙulla igiyoyin takalmin suka rataya mata a wuya. A lokacin 'yan Zurmi uku sun wuce su. Hindu ma ta iso, Saliha ta ce mata ta ci gaba.

Suka tashi. Gimbiya ta so ta sake sheƙawa, Saliha ta riƙe mata hannun riga.

"Gimbiya, ina kwana?"

"Ke, ba ni son wasa."

"Na ce ina kwana?"

Gimbiya ta ja numfashi. "Lahiya... lau."

"Ina gajiya?"

"Akwai ta!"

"Ba haka aka amsawa ba."

"Ba gajiya."

Haka suka yi ta yi har bayan tasha. Sun gaida gida, sun gaida yara, sun gaida awaki da kaji. Da gaisuwar ta ƙare sai su sake daga farko.

A fili kuwa Wakili yana duba agogo. Ya ce, "Malama, guda na gani. Ina biyu?" Malama Rose tana ta murza hankici.

Sai ga su sun ɓullo, ɗaya da yagaggen ɗankwali, ɗaya ba takalmi, farin kambas yana lilo a ƙirjinta. Da suka matso aka ji abin da suke faɗa. Fili ya ɗauki dariya, sannan kowa ya shiga amsawa da ƙarfi, "Lahiya lau! Ba gajiya!" Makaɗan Shinkafi ma suka sa ganga. A haka suka taka layi tare.

Kofi ya tafi Zurmi. Wakili ya cire hula, ya sosa kai, ya ce, "Ukku na ce, ukku na gani. Malama, a shirya na baɗi."

Gimbiya ta ɗingisa har inda Gwaggo Tani take zaune da ƙwaryarta. Ta durƙusa. "Gwaggo, ki gahwarta mani."

Tsohuwar ta dama fura ta miƙa mata. Ta dubi takalmin da ke wuyanta, ta ce, "Wanga dai ya ji daɗi. Shi aka saya don shi ɗauke ki, ke kinka ɗauko shi."

Washegari Gimbiya ta riga kowa zuwa tasha. Da ƙafa ta warke, kullum da kambas take bin Gwaggo Tani, har ya koma ruwan ƙasa.

Shekara ta zagayo, 'yan mata suka sake gudu. Gimbiya ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da Saliha har tsamiya. Can ta ce mata, "Bara kin bar nasararki saboda ni. Wuce, ina bayanki." Saliha ta zo ta ɗaya, Gimbiya ta biyu, kofi ya zauna Kaura.

Darasi: Kada ki raina mai koya miki don ba ta yi boko ba. Ki fara a hankali, kada ki sa sabon abu ranar gasa, kuma in 'yar'uwarki ta zauna a hanya ki tsaya ki tashe ta. Ku tura wa duk macen da kuka san tana gudu, musamman wadda takalminta ke cikin akwati.