Hannun Sallau Wanzami da Kan Ragon Suna

Ku matso, kai kuma mai gyangyaɗi a gyara zama, don sai kun yanke hukunci za ku tashi.

Sallau wanzami, duk jaririn garinmu shi ya yi masa askin suna, har da wasu masu sanƙo a nan. Sai hannunsa na dama ya fara mutuwa, ido na yin hazo, ya tafi ya dawo. Ranar da ya kwashe rabin gemun ladan kowa ya gudu. Ga 'yarsa da tsohon ciki, jikan fari! Sallau ya yi kuka wiwi, ya ce wa ƙannensa uku: "Wanda ya dawo min da hannuna na aske jikana, kan ragon suna nasa ne."

Tanko, sarkin taurin kai, ya ce wannan ciwo ba a saba gani ba, turaren 'yan bori ba zai taɓa shi ba. Ya sa yayan nasa a mota har babban asibiti. Likitan jijiya ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, ya ce sunan ciwon maltiful siklerosis, ba ya warkewa amma magani na kwantar da shi, kuma a ƙasarmu da wuya a gan shi. Da farko Sallau har da taƙama, wai ciwonsa ba na kowa ba ne. Da ya kwana ya tuna ba shi da ɗan'uwa a ciwon, sai ya juya wa bango fuska, ya ƙi maganin, yana jiran mutuwa.

Barmani kuwa ta ce batun da wuya a gan shi ƙarya ne, a ƙasashen sanyi masu shi ba sa ƙirguwa, a nan ma sammu ake ce masa shi ya sa ba a gani. Ta bi asibitoci da bakinta mai kaifi, har ta zo da wata malamar makaranta da ta daɗe da ciwon. Malama ta dube shi ta ce: "Malam, tashi! Ni da shi nake koyarwa." Kunya ta sa ya haɗiye maganin.

Mati, malalacin gidan, bai san masu ciwon da yawa ne ko kaɗan ba, inuwa kawai ya sani. Wajen kwanciyarsa ya lura hannun yaya ya fi mutuwa in rana ta take. Ranar suna ya sa aka yi askin da sanyin safiya, kusa da randa, yana ta fifita, aikin farko da aka taɓa ganin ya yi.

Sallau ya aske jikansa tas, ko ƙwarzane babu, hawaye na zuba a gemunsa.

Da Tanko bai ce ciwon baƙo ne ba, da ba a gano shi ba. Da Barmani ba ta ƙaryata shi ba, da maganin na nan a kwano. Ba don Mati ba, da jariri ya bi sahun ladan. Rago kuwa kai ɗaya Allah ya ba shi. To, a gaban wa za ku ajiye shi?