Sawun Taya a Gonar Malam Ladan

An yi wani mutum a Kaura Namoda, direba ne. Ba zan faɗi sunansa ba, don danginsa suna nan da ransu, ƙila ma wani a cikinku ya taɓa hawa motarsa. A-kori-kura gare shi, irin mai ja da ƙafa huɗu, yana kwaso hatsi da awaki daga Galadi da Badarawa da Katuru ya kai kasuwar Shinkafi, wani lokaci ya leƙa Zurmi. Yana salla, yana azumi, ba ya shaye-shaye. Ciwonsa guda ne, ba ya iya jira. Liman bai gama shafa fatiha ba, shi ya fara laluben takalmi.

To, kun san hanyoyinmu da damina. Kusa da Badarawa akwai inda hanya ta yi kwana ta gangara cikin fadama. Nan motoci ke yin layi suna shiga ɗaya bayan ɗaya, wadda ta kafe a taru a tura ta. Duk direba ya saba da wannan jira, ban da mutuminmu. In ya tsaya a layin sai ka ga ya fito, ya koma, ya danna ham, ya sake fitowa. Idonsa kuwa yana kan gonar da hanyar ta kewaye, gonar wani dattijo Malam Ladan, wadda ke kan tudu, ƙasarta jigawa ce mai shanye ruwa. Kullum lissafinsa ɗaya: da zan ratsa ta nan, da tuni ina Shinkafi.

Abin da ya hana shi ba tsoron Allah ba ne, ya 'yan uwa. Tayoyinsa ne suka suɗe, ya san ba za su hau kunya ba.

Da lokacin canza su ya yi, sai ya tafi shagon Sufyanu mai taya. Sufyanu ya mirgino masa ta kwalta, mai laushin tafiya, ya ce wannan ba ta shan mai amma laka ɗaya za ta kunyata shi. Ya mirgino wata mai manyan haƙora, ta taɓo zalla, ya ce ita kuwa a kan kwalta kuka take yi, ga saurin cinyewa. Sannan ya jawo ta tsakiya, wadda suke kira ta ko'ina, ya ce ga ta masu irin aikinsa, ta bi yashi, ta bi tsakuwa, ta bi laka daidai gwargwado, ta hau kwalta ba gardama.

Mutuminmu ya tsuguna. Ya cusa yatsa cikin zanen ya ji zurfinsa, ya matsa gefen tayar ya ji kaurinsa, ya ɗaga kai ya yi tambayar da ke cinsa tun daga gida.

"Tushiyar gero ba ta huda ta? Kuma tana hawan kunya?"

Sufyanu ya yi dariya. "Maigida, mi ya kai kunya bisa hanya?"

Shi dai ya ce a ɗaura masa. Ku lura da nan da kyau. Tayar halal ce, cinikin halal ne, wanda ya sayar bai yi laifi ba. Amma an ɗaura ta da niyyar shiga hakkin wani, kuma mala'ikan da ke rubutu ba zurfin zane yake dubawa ba.

Ran da ya fara ratsawa, gero bai wuce gwiwa ba. Ya karya kan mota daga layi, ya hau tudu, kunyoyi suna rugujewa a ƙarƙashinsa, ya ɓulla can gaba ya bar 'yan uwansa direbobi cikin taɓo. Daɗi ya kama shi. A tasha ya yi ta yabon tayoyinsa, wai shi yanzu ya fi ƙarfin a tura shi. Ya sake ratsawa, ya kuma sakewa. In sawun jiya ya yi laushi sai ya buɗe sabo a gefensa, har gonar ta zama tamkar an ja mata wuƙa ta ko'ina.

Malam Ladan tsoho ne mai ciwon gwiwa, kuma wannan gona ita ce abincin gidansa na shekara, tunda gonakin nesa sun gagari mutane saboda 'yan bindiga. Ya hau bayan mashin har tashar Shinkafi, ya sami mutumin ana yi masa lodi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, don Allah ka bar mani geron ga. Shi kaɗai muka da. In sauri kaka yi, ni ma cikin iyalina ba ya jira."

Kun san abin da ya ba shi amsa? Yana tsaye a bakin mota, ƙafa ɗaya a ciki, ya ce, "Baba, yi haƙuri, in an yi kaka ina zuwa mu zanta." Ya ja ƙofa ya bar dattijo tsaye cikin hayaƙi.

Kada ku ce zuciyarsa dutse ce. A'a, abin ya dame shi. Ya kasa cin abincin kirki, ya tashi ya zauna, ya fita ƙofar gida ya dawo. Matarsa Rashida ta gane, ta ce masa ya je ya nemi gafarar tsohon nan tun gero bai nuna ba, ya koma layi kamar kowa. Ya ce zai je, da kaka zai kai masa hatsi da hannunsa ya durƙusa. Gaskiya yake faɗi, ya yi niyyar zuwa. Sai dai duk ran da ya iso kwanar nan ya ga layi, hannunsa ke riga tunaninsa karya sitiyari. Shaiɗan bai taɓa ce masa kada ya tuba ba. Cewa yake yi, bari a yi kaka.

Gero ya yi tsawo ya rufe mutum, ya fitar da kai. A makon ne aka yi ta raɗe-raɗin an ga baƙin fuska a dajin yankin, kowa a gona kunnensa a tsaye yake. Kun san abin da wahala ta koya wa mutanenmu: in ka ji inji inda inji ba ya bi, mai ƙafa ya gudu, wanda ba ya iyawa ya kwanta cikin kwarin kunya ya yi shiru har a wuce.

Ranar kasuwa, da hantsi, mutuminmu ya iso kwana ya tarar da layi. Tsofaffin sawayensa duk sun jiƙe, sai ya shiga ta wata kusurwar da bai taɓa bi ba, ya take mota, kara yana dukan gilashi, ba ya ganin komai sai kore. Masu aiki a gonakin kusa suka ji ruri yana tahowa ta tsakiyar hatsi, suka watse. Malam Ladan yana ciki yana ɗaga karan da aka kwantar masa. Ina gwiwar gudu? Ya yi abin da aka koya wa kowa, ya kwanta.

Motar ta yi tsalle ta dire. Mutumin ya ɗauka wata kunya ce mai tauri, har ya ji daɗi a ransa cewa tayar ta haye ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Shi ya riga kowa shiga kasuwa ran nan.

Yana cikin sauke kaya labari ya iske shi, cewa Malam Ladan ne ya taka a gonar. Ya ɗare bayan mashin ya nufi Badarawa yana faɗin a yi sauri, a yi sauri, ko zai sami tsohon da sauran numfashi ya ce masa kalma ɗaya. Ya tarar ana dawowa daga maƙabarta.

Hukuma ta yi nata, motar ta tafi a wajen shari'a da diyya, sana'a ta mutu. Bayan ƙura ta lafa ya je ya zube gaban Misbahu, babban ɗan mamacin, yana kuka kamar ransa zai fita. Misbahu ya ce, "Abin da ad damarmu mun yahe maka. Amma tsoho ya tahi har tasha da gwiwarshi mai ciwo, ka bar shi tsaye. Wanga ba namu ba ne, nashi ne, kuma ya tahi da shi."

Tun daga ran nan bai sake taɓa sitiyari ba. Ko a bayan mota aka ɗauko shi, in ta hau gargada sai ya yi ihu a sauke shi. Yau yana Kaura, gobe Zurmi, daga wannan malami zuwa wancan, tambayarsa ɗaya. Kowa ya gaya masa gaskiya, cewa ya yawaita istigfari, ya yi wa mamacin addu'a da sadaka, kada ya yanke ƙauna daga rahamar Allah. Sai ya gyaɗa kai, ya miƙe tun ba a ƙare ba. Abin da yake so ya ji, daga bakin mutum ɗaya yake so ya ji shi, kuma bakin nan ƙasa ta rufe shi.

Ya 'yan uwa, ban ce kada ku sayi taya mai kyau ba. Ku saya, ku duba zanenta, ku duba kaurinta, don a kanta ake kai marasa lafiya asibiti, a kanta ake kai abinci ƙauye. Amma duk ƙarfin da Allah ya ƙara maka, na taya ne, na kujera ne, na aljihu ne, ka tambayi kanka gonar wa kake shirin ratsawa da shi. Zunubin da ke tsakaninka da Allah, ka roƙe shi ya yafe. Wanda ke tsakaninka da bawa, sai ka je ƙofarsa, kuma ba ka san ranar da za a rufe ta ba. Wa ya yi maka alkawarin kaka? Wa ya yi wa wanda ka zalunta alkawarinta? In akwai wanda ka bari tsaye, daga masallacin nan ka wuce gidansa, kada ka biya ta naka.

Allah ya kiyaye mu daga gaggawar da ke taka hakkin bayi, ya hore mana neman gafara tun masu yafewa suna numfashi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.