Dalilin da Ya Sa Ƙaramar Bindiga Take Tofar da Kwanso Dama

Dalilin da ya sa ƙaramar bindiga take tofar da kwanson harsashi ta hannun dama, yara, wata tsohuwa ce mai taurin kai, sunanta Tabawa.

A da can, bindiga in ta yi harbi sai ta riƙe kwanson a maƙogwaro, sai an sa tsinke an zaƙulo. A lokacin akwai wani maƙeri, Jatau, bahago ne. Yana da wa mai suna Cindo, mijin Tabawa, wanda ƙafarsa ta hagu ta shanye amma ya ƙi barin kiwo. Kullum Tabawa na hagunsa, ya dafa kafaɗarta su bi awaki.

Wata rana kyarketai suka fito musu. Cindo ya harba sau ɗaya, kwanso ya maƙale. Yana ta laluben tsinke, Tabawa na korarsu da sanda, da ƙyar suka sha. Da Jatau ya ga shatin haƙora a hannun wansa, hankalinsa ya tashi ƙwarai.

"Yaya, ka bar kiwon nan."

"In zauna a gida in zama turmi? Kai dai gyara min bindiga."

Jatau ya shiga maƙera. Ya ƙera 'yar ƙugiya da za ta kama bakin kwanson ta jawo shi, ya sa mata sifirin a baya, wato nannaɗaɗɗiyar waya mai turawa. Ta farko ta yi sanyi, ƙugiya ta shafi kwanso ta wuce kamar mai gaisuwa. Ya sa mai tauri, ƙugiya ta yage bakin kwanson ta bar sauran a ciki. Haka ya yi ta fama, yana danna ta da babban yatsa, har ya dace da wadda ba ta yi rauni ba, ba ta yi zafin rai ba. Sai ya huda wa kwanso taga. Da yake bahago ne, ya huda ta a hagu, nesa da fuskarsa. Ko a ransa bai kawo Tabawa ba, ya mayar wa Cindo bindigarsa.

Bayan kwanaki ta kawo masa fura. Ya ga kumatunta da wuyanta duk ɗigon ƙuna.

"Yaya Tabawa, me ya same ki?"

"Bindigarka ce, sarkin gwaninta. In wanka ya harba, ni take tofa wa."

"To ki koma damansa mana."

"In na koma, wa zai zame masa ƙafa? Kuma kada ka gaya masa. Idonsa ba ya ganin kusa. In ya sani ajiye ta zai yi, kyarketai su cinye min miji."

Kunya da tausayi suka rufe Jatau. Ya karɓo bindigar, ya ce mai zai shafa mata. Ya toshe tagar hagu, ya huda sabuwa a dama. Da ya gwada, kwanso mai zafi ya gilma ya ɗana masa a hanci.

Tabawa ta yi dariya har da hawaye. "Yanzu kai za ta riƙa ci."

"Ta ci," in ji Jatau. "Ni ba wanda yake dafa ni."

Maƙeran da suka koya a wurinsa duk haka suka bi. Shi ya sa har yau ƙaramar bindiga take tofarwa dama, bahago yana ƙifta ido yana haƙuri, gefen hagu kuwa an bar shi lafiya saboda wanda ka jingina da shi.