Mangwaron Marka a Kangon Aro

Akwai wani mutum ana ce masa Malami, manomin fadama ne daga wani ɗan ƙauye a bakin gulbi, ƙasar Maradun. In ka je neman ƙauyen yau ba za ka same shi ba. Yana can ƙarƙashin ruwan madatsar Bakolori, da masallacinsa, da rumbunansa, da makabartarsa.

Da aka tashe su, aka kai su wani tudu mai tsakuwa, inda fartanya ke kuka in ta sauka ƙasa. Matarsa Marka ba ta ga damina ta biyu a wurin ba. Zazzaɓi ya kwantar da ita, ta tafi a hankali, kamar yadda take magana.

Abin da ta bari kaɗan ne. A ciki akwai wata tsohuwar tukunya da ɗan mangwaro. Ƙwallon daga bishiyar tsakar gidansu ya fito, ita ta binne shi da hannunta kafin ruwa ya iso. A tudun nan da ruwa ke wuya, ruwan alwalarta take tara masa.

Malami ya ɗora tukunyar a ka, ya sauka Talata Mafara wurin Abdu, ɗan 'yar'uwarsa, wanda shi ma ruwa ya koro, yana dako a kasuwa.

Unguwar cike take da irinsu, manoma marasa gona. Maza su wuni a gindin bango suna kallon hannayensu. Miya kuwa kuka ce yau, kuka gobe, har yara suka daina tambayar me aka dafa.

A tsakiyar unguwar akwai wani kango da ya zama juji. Toka, karyayyun tukwane, ƙashin awaki, da wata tsohuwar rijiya da aka rufe da ƙaya. Kowa ya zo wucewa sai ya toshe hanci. Malami kuwa tsugunawa ya yi, ya damƙi ƙasar ya murza, ya ga baƙa ce wuluk. Ya leƙa rijiyar, ya hango fuskarsa a ƙasa.

Kangon yana hannun Isa mahauci. Ba nasa ba ne, na 'ya'yan marigayi wansa ne, amana yake riƙo. Malami ya same shi a gaban mai unguwa Dikko, aka yi doguwar gaisuwa, ya roƙi aro. Isa ya daɗe yana juya hularsa kafin ya yarda. Ya ce aro ne, kuma kowa ya san dokar aro.

Kowa kuwa ya santa. In an ara maka ƙasa, ka shuka abin da za ka girbe ka tashi. Itace sai mai ƙasa. Wanda ya dasa itace ya ce wurin nasa ne, ko bai buɗe baki ba.

Aka yi gayya. Aka kwashe juji, aka yashe rijiya, aka kafa jigo na ɗebo ruwa, aka yi shinge da karan dawa. Malami ya raba wa kowane gida fangalinsa. Har Taiba, wata bazawara mai yara ƙanana, ta samu nata kusa da rijiya don kada ɗaukar ruwa ya yi mata nisa.

Kafin wani lokaci kango ya yi kore shar. Albasa ta miƙe, alayyafo ya yi ganye kamar tafin hannu, tattasai ya fara fure. Da yamma tsofaffi su shimfiɗa tabarma a bakin shinge don ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kawai. Waɗanda suka daina dariya tun barin gida aka ji sun fara tsokanar juna a kan wanda albasarsa ta fi rama.

A cikin wannan ne tukunyar Marka ta tsage. Saiwa ta fito ta gefe, ganye ya fara yaushi.

Malami bai yi dogon tunani ba. Duk rayuwarsa shi ke ba da aro, bai taɓa karɓa ba. Hannunsa ya saba, inda ya tsaya nan yake dasa abu. Ya haƙa rami a kusurwar lambun, ya sauke ɗan mangwaron a ciki. Ya ce wa kansa ajiya ce, kafin damina ya sama masa wuri.

Itacen ya ji ƙasa, ya ɗaga kai, ya leƙo ta saman shinge.

Ranar wata Asabar Isa ya biyo ta wurin. Taiba ta tare shi da damin alayyafo ta ce a kai wa marayu. Ya miƙa hannu zai karɓa ke nan, idonsa ya faɗa kan kusurwa. Hannun ya tsaya a iska.

Bai ɗaga murya ba. Ya tambayi wa ya dasa. Malami ya ajiye guga ya ce shi ne, ya fara bayanin tukunya. Isa bai bari ya ƙarasa ba.

“Baba, da furfurarka? Gaban mai unguwa munka yi magana. Ran Talata in na taso daga kara, kasuwar shanu, waɗanda na saya nan za su kwana. Kowa ya kwashe abin da zai iya.”

Ya juya ya tafi, alayyafon na hannun Taiba.

Albasa kuwa ba ta yi kai ba. In an cire ta a lokacin, ganye ne kawai. Tattasai ko 'ya'ya bai ɗaura ba. Wahalar rani guda za ta ƙare a bakin shanu.

Dikko ne ya faɗa wa Malami abin da bai sani ba. Mahaifin Isa yana da gona a hanyar Bakura, ya ara wa wani amininsa. Aminin ya dasa goba da mangwaro, tsohon ya yi kawaici. Da aikin hanyoyin ruwa ya iso wurin, masu awo suka tambayi wa ya dasa itatuwan, suka ɗauka aminin ne mai gona, shi aka biya diyya. Tsohon ya yi ta zarya har ƙafarsa ta kumbura, bai ga komai ba, da baƙin cikin ya rasu. Dikko ya ce shi da kansa ya je ya ba Isa haƙuri, amma kamar da bango yake magana.

Unguwa ta rabu. Wasu suka ce Malami ya tumɓuke abin ya jefar, ko Isa zai sauko. Wani ma ya ce a gabansa, saboda tsinke ɗaya za a kashe abincin gidaje. Taiba kuwa ta daina haɗa ido da shi a bakin rijiya, wannan ya fi masa ciwo.

Abdu da samarin dako kuwa jininsu ya hau. Lokaci ne da ran kowa ke tafasa a kan ƙasa, ko'ina ka zauna maganar ke nan.

“Kawu, kada ka taɓa iccen nan,” in ji Abdu. “An kore mu daga gulbi munka yi shiru. An kore mu daga tudu. Yanzu mai wuƙa zai kore mu daga juji? Ya zo da shanun, mu ma muna da hannu.”

Malami ya ce masa ba Isa ne ya tare gulbi ba. Abdu ya yi tsaki ya fita. Washegari aka ga sanduna a jingine bayan shinge.

Malami ya san abin da kowane manomi ya sani. Bazara ta kama, iska kamar daga murhu. Itacen da aka tayar sau biyu a irin wannan zafi da wuya ya rayu. Kullum da safe yakan tsuguna a gabansa, ya share ƙurar ganyen da babban yatsa. Kabarin Marka na can tudu, nesa. Gidan da suka zauna yana ƙarƙashin ruwa. Wannan ne kaɗai abin da ta taɓa da hannu wanda yake numfashi.

Talata ta zo. Bayan la'asar aka jiyo kukan shanu daga bakin hanya. Mata suka janye yara cikin gida. Abdu da samarinsa suka tsaya a ƙofar shinge, kowa da sanda.

Isa ya ɓullo a gaba, shanu a bayansa, mutanensa na mahauta a gefe, wuƙaƙen aikinsu a ƙugu. Wani bijimi ya shaƙi ƙamshin ganye, ya fara fizgar igiya. Dikko ya shiga tsakani yana ɗaga hannu, ba mai jin sa. Abdu ya ce duk saniyar da ta taka fangali sai an ɗauke ta a kai. Ɗaya daga mahautan ya yi dariya, ya ce ɗaukar kaya dai ai sana'ar Abdu ce. Sanda ta ɗaga.

Sai aka ji sarar fartanya a cikin lambu.

Malami ne a kusurwa. Ya zuba guga guda a gindin itacen, yana haƙa kewaye da shi, nesa da saiwa, a hankali. Kowa ya juya wajensa. Abdu ya kira shi, bai waiwaya ba. Ya cusa hannuwa biyu ƙarƙashi, ya ɗago shi da ƙasarsa, ya cire rigarsa ya naɗe gindin.

Ya ratsa fangalai, ya ce wa samari su ba shi hanya. Ya tsaya gaban Isa ba riga, ƙasa har gwiwar hannu.

“Malam Isa, kai ke da gaskiya. Na san doka, na taka ta. Ga shi na cire, kowa shaida ne. Hilin marayu ne, ba ni da ko taki ɗaya a ciki. Albasar mutane ba ta yi maka laifi ba.”

Isa ya dubi itacen, ya dubi ramin. Ya ce to ya jefar mana, me yake jira.

Malami ya rungume itacen a ƙirjinsa. Taiba ce ta amsa daga bakin rijiya, murya ƙasa-ƙasa. Ta faɗi wadda ta binne ƙwallon, da ruwan da ta raine shi da shi, da inda take kwance yanzu.

Bijimin ya sake fizga, ya cafki karan shinge. Mai riƙe da shi ya dubi Isa yana jiran umarni.

“Ba ni iya jefar da shi,” in ji Malami. “Na ba ka shi kyauta. Ka kai gidanka ka dasa da hannunka, ya zama naka. In ya yi 'ya'ya ɗiyan wanka su sha. Ni dai ya rayu.”

Isa ya ƙura wa itacen ido. Mahaifinsa ya yi ta jiran aminin nan ya zo ya faɗi magana irin wannan, har ya mutu bai zo ba.

Isa ya ce a ja shanun baya. Ya karɓi itacen, ya ji nauyinsa, amma bai nufi gida ba. Ya shiga lambun, yana taka bakin fangali a karkace kamar mai tsoron fasa ƙwai, har kusurwa. Ya durƙusa da farar rigarsa ta kasuwa, ya mayar da shi cikin ramin da ya fito. Ya tura ƙasa da hannu, ya danna.

“Mai unguwa, ka gani?”

Dikko ya ce ya gani, jama'a ma sun gani.

“Ni na dasa, da sunan ɗiyan wana.” Ya miƙe yana kaɗe gwiwa, ya juyo wajen Malami. “Sai dai ni mahauci ne, Baba. Abin da na sani yanka. In an bar mini shi, kwana kaɗan zai mutu. Ka riƙa ba shi ruwa.”

Malami ya gyaɗa kai. Ya je ya ɗauki guga.

Abdu ya tsaya da sandarsa bai san inda zai ajiye ta ba. Daga ƙarshe ya soke ta a gefen itacen, aka ɗaure shi a jiki don kada iska ta kwantar da shi.

Itacen ya sha wuya. Ganyensa ya zube ɗaya bayan ɗaya har ya koma kamar tsinke. Aka cire albasa, ta yi kai, kowane gida ya kai wa marayu rabonsu ba tare da an ce a kai ba. Mutane suka ce wa Malami ya haƙura, mangwaron ya tafi. Shi dai kullum yana zuba ruwa a gindin abin da ba nasa ba.

Ranar da hadarin farko ya haɗo daga gabas, Isa ya biyo zai wuce kara. Ya tarar da tsohon a tsugune a kusurwa, ya yi sallama bai ji amsa ba. Ya matso ya leƙa ta kafaɗarsa.

A kan tsinken akwai ɗan toho ja, mai laushi, bai kai farce ba.

Darasi: In an ba ka aron wuri, ka riƙe sharaɗin mai shi ko da zuciyarka na da uzuri, domin ba ka san raunin da ya sa yake tsaron abinsa ba. In ka yi kuskure, ka faɗa da bakinka tun kafin sanda ta sauka. Wani abin da kake ƙauna ba zai rayu ba sai ka yarda ya fita daga hannunka. Ku dubi kangon da ke unguwarku, ku nemi izinin mai shi, ku raya shi tare. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, kuma wanda ya karanta ya yi addu'a ga waɗanda suka shuka mana abu suka tafi ba su sha inuwarsa ba.