Buhunan Bayan Labule

Ku ajiye wayoyin nan ku ba ni kunnuwanku. Abin da na zo muku da shi yau babu Gizo babu Ƙoƙi a cikinsa, a gabana ya faru, kuma idan na kai ƙarshe ku ne alƙalai.

Shekara biyu kafin in ajiye aiki, makarantar horar da ma'aikatan lafiya inda nake koyarwa ta buɗe karatu daga nesa. Ɗaliban duk ma'aikata ne, kowa yana ƙaramin asibitin ƙauyensu, ba mai iya barin marasa lafiya ya zo ya zauna a aji. Sai aka buɗe mana zaure a waya, ɗalibai arba'in, ni ce malamarsu. Kowane mako mutum ɗaya zai kawo labarin mara lafiyar da ya duba, ya faɗi abin da ya gano da maganin da ya bayar, sauran kuma su yi masa sharhi. A kan wannan sharhi ake ba da maki. Ana ƙirga sau nawa ka yi magana, ni in auna nauyin maganar, su ma ɗaliban su zaɓi wanda gyaransa ya fi amfanar su. Wanda ya fi kowa maki a ƙarshen zango, shi makaranta za ta tura ƙarin karatu na shekara biyu a babban asibitin koyarwa. Gurbi ɗaya ne tak, ba ya rabuwa.

To kun san halin mutane. Da suka gane ana ƙirga magana, sai zaure ya cika da "Ma sha Allah, aiki ya yi kyau" da "Allah Ya ƙara basira". Ka yabe ni in yabe ka, kowa ya kwashi makinsa. Na yi faɗa har na gaji.

Ana tsakiyar damina sai layi ya zo kan Lantana, wadda ke aiki a wani ƙauye da ake kira Tsallaken Gulbi. Ta kawo labarin yara uku 'yan gida ɗaya, 'ya'yan wani manomi Malam Haladu. An kawo mata su suna amai da ciwon kai, ƙirjinsu ya riƙe. Ta ce zazzaɓin cizon sauro ne, ta kwantar da su kwana biyu, suka warware, ta sallame su. Bayan kwana uku aka dawo da su, ta sake ba su magani, suka sake warwarewa. Ta haɗa da hoton ƙaramarsu, Hansai 'yar shekara uku, zaune a kan tabarma a ɗakin uwarta, ranar da ta je duba su a gida. Ta rufe fuskar yarinyar kamar yadda ƙa'ida ta ce. Rubutun ya tsaru, ni kaina na yi niyyar ba ta maki mai kyau. Kafin azahar mutum ashirin da bakwai sun yaba mata.

Sai Barira, ta farko cikin mutum ukun da zan ba ku labarinsu, ta yi magana. Barira ita ce wadda ba ta barin rubutun kowa ya wuce ba ta karanta shi daga farko har ƙarshe ba, kuma ba ta iya shafa wa magana mai. Saboda haka idan an zo zaɓen wanda ya fi amfanar aji, ita ce ta ƙarshe kullum. Ita da Lantana kuwa ƙawaye ne tun suna 'yan mata, ɗaki ɗaya suka zauna a makarantar kwana. Daga baya Barira ta gaya mini sau uku tana rubutawa tana gogewa, don ta san gyaran zai rage wa ƙawarta maki a gaban jama'a. A na huɗu ta tura.

"Lantana, ki yi haƙuri, ban yarda zazzaɓi ba ne. A rubutunki kin ce gwajin jinin biyu daga cikinsu bai nuna komai ba. Yara uku sun kwanta rana ɗaya, sun warke a wurinki, sun koma gida sun sake kwantawa rana ɗaya. Ba maganinki ne ke warkar da su ba, barin gidan ne. Ciwon nan a gidansu yake. Ban san ko mene ne ba, amma yana can yana jiran su."

Zaure ya kama da wuta. Wasu suka ce baƙin ciki ne, wasu suka ce so take ta burge Malama. Lantana ta rubuta, "Na gode, likita," ta kashe wayarta don takaici. Barira ba ta janye ba. Duk wanda ya zage ta, sai ta sake maimaita masa tambayarta: me ya sa suke warkewa a asibiti su kwanta a gida? Ni ma na zauna na sake karanta rubutun, na ga gaskiyarta, amma shekara talatin da na yi ina koyarwa ba su nuna mini abin da ke cikin gidan ba.

Na biyu shi ne Mamuda. Idan da a lokacin kun tambaye ni wane ne Mamuda, sai na duba takarda kafin in tuna. A makon farko ya yi rubutu sau ɗaya, aka yi masa dariyar kurakuran Turancinsa, tun daga nan ya kama bakinsa. Ƙauyen da yake aiki babu sabis sai an hau wani dutse mai tafiyar rabin awa. Ashe duk safiya sai ya hau, ya karanta komai, ya sauko bai ce uffan ba. A takardata makinsa bai kai na kowa ba, har na rubuta sunansa cikin waɗanda za su faɗi.

Washegari da hantsi ya hau dutsen, ya tarar da rigimar. Da can ya ga hoton Hansai ya wuce kamar kowa. Amma da ya karanta "ciwon nan a gidansu yake", sai ya koma kan hoton, ya bar yarinyar, ya shiga duba ɗakin. Ya buɗa hoton da yatsu har ya dusashe. A bayan yarinyar akwai labule, iska ta ɗan ɗage gefensa. Mu arba'in mun ga duhu ne kawai a wurin. Shi ya ga buhuna a jere, an ɗaure bakinsu da leda biyu, ga kuma wani ɗan gwangwani mai ruwan azurfa a kan taga. Mahaifin Mamuda falken wake ne, a cikin buhuna ya girma. Ya san wannan ɗauri, ya san wannan gwangwani. Na ƙwayar nan ce da ake jefawa a buhu don kashe ƙwari, wadda idan ta sha laima take fitar da iska mai guba. Yana yaro ya ga an fito da gawar wani mai gadi da ya kwana a sito bayan an sa ta.

Nan take ya rubuta, da Hausa, bai damu da wa zai yi dariya ba:

"Wake ne a bayan labule, an sa masa ƙwayar ƙwari. Ga damina, ga ɗaki a rufe. A fitar da yaran nan yanzu, ko za su mutu."

Layi biyu ke nan. Su ne duk abin da ya faɗa a zaure bayan makon farko. Na buɗa hoton ni ma, ga buhuna nan ƙiri-ƙiri, kamar an yaye mini wani mayafi daga ido.

Amma magana ta tsaya a waya. Na kira Lantana sau goma sha ɗaya, a kashe. Barira ta kira har cajinta ya ƙare. Ba wanda ke da lambar kowa a Tsallaken Gulbi. Na nemi mota, aka ce gulbi ya kawo, kwana huɗu ba abin da ya ƙetare. Zaure ya cika da addu'a, kowa na rubuta "Allah Ya kiyaye".

Na uku shi ne Istifanus. Shi ba gwani ba ne ba kuma dolo ba, makinsa na tsakiya, a kan lokaci yake sharhinsa ya yi gaba. A wannan rana ko harafi bai rubuta ba. Asibitinsa ne mafi kusa da na Lantana, duk da haka tafiyar awa biyu ce a babur. Yana karanta maganar Mamuda sai ya ɗauki hoton saƙon a wayarsa, ya bar wa abokin aikinsa asibiti, ya hau babur. Bai gaya wa kowa ba, ni ma ban san ya tafi ba.

Ya isa bakin gulbi ya tarar da ruwa ja wur yana gudu da itatuwa. Mai kwalekwale ya ce ko da kuɗin duniya ba zai shiga ba. Wani masunci ya nuna masa inda shanu ke ƙetarawa, ya ce, "Nan ne mai dama-dama, amma jiya ya ci saniya." Istifanus ya jingine babur, ya ɗaure wayar a kansa da rigarsa, ya shiga. Ruwa ya kai masa ƙirji, sau biyu ƙafarsa na barin ƙasa. Ya fita can ƙasa da inda ya nufa, ya kama gudu ba takalmi.

Ya sami Lantana a asibiti tana wanke hannu. Bai iya magana ba don haki, sai ya miƙa mata wayar. Ta karanta, ta dafe kai, ta ce, "Innalillahi! Jiya na sallame su." Suka ruga gidan Malam Haladu. Lantana ta faɗa ciki, shi ya tsaya a zauren gidan. Ta ce tana ɗaga labulen ƙofa wani wari ya buge ta kamar na tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi. Manyan biyu suna kwance suna nishi, Hansai kuwa leɓunanta sun canza launi, numfashi sama-sama. Uwar ta rufe taga don kada sanyin damina ya ƙara musu ciwo.

Suna fito da yaran sai ga Malam Haladu daga gona, ya ga baƙo tsirara daga ƙugu zuwa sama riƙe da 'yarsa. Ya ɗaga fartanya.

"Kai wane ne? Wa ya ba ka izini?"

"Baba, ka sare ni daga baya," in ji Istifanus. "Ƙwayar da ka sa wa wake ce ke kashe su. Kwana nawa da sa ta?"

Fartanya ta faɗi daga hannun mutumin. Ya lissafa da yatsu, ya ga daidai da ranar da yaran suka fara kwanciya. Ya ce ɓarayi ne suka sa ya shigar da buhunan ɗaki. Ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro.

Manyan biyu iska kawai suka sha suka fara dawowa. Hansai sai an kai ta inda ake sa iskar numfashi, babban asibiti kuma yana ƙetaren ruwa. Istifanus ya ɗora ta a kansa, ya riƙe ta da hannu biyu, maza shida na ƙauyen suka kama juna suka yi masa katanga, suka shiga gulbi, Lantana na tsakiyarsu. A tsakiya ruwa ya fizge wayarsa daga ƙugu, yana ji yana gani, ba hannun da zai kama ta. Suka fita. Lantana ta goya yarinyar, suka hau babur. Likitan da ya karɓe su ya ce da ta ƙara kwana ɗaya a ɗakin nan, da sai dai a yi wa iyayenta ta'aziyya. Kwana tara ta yi, ta tashi. Yanzu haka tana aji uku a firamare.

Ku duba ikon Allah. Mutum uku, ba wanda ya taɓa zama da ɗan'uwansa a aji ɗaya, tsakanin wani da wani tafiyar yini guda, amma Ya raba musu ceton rai ɗaya kashi uku, Ya ba kowa nasa, bai ba wani biyu ba.

Zango ya ƙare bayan mako biyu, aka ce in miƙa suna ɗaya. Na buɗe takarda. Barira ta fi kowa yawan sharhi da nauyinsa, amma kafin wannan rana ita ce ta ƙarshe a zaɓen 'yan aji. Mamuda layi biyu gare shi tun bayan makon farko. Istifanus ba shi da komai a makon, ba shi da komai a makonni biyun da suka biyo, don wayarsa na ƙarƙashin gulbi.

Na mayar wa ɗalibai maganar, suka rabu uku. Wasu suka ce Barira, don ita ta tsaya ita kaɗai lokacin da mutum ashirin da bakwai ke tafi, ta sayar da farin jininta da ƙawancenta, kuma ba don ita ba Mamuda ba zai sake kallon hoton ba. Wasu suka ce Mamuda, don Barira ta ce akwai maciji ne kawai, shi ya nuna raminsa, kuma maki na nauyin magana ne, wace magana ce ta fi tasa nauyi? Wasu suka ce Istifanus, don da bai shiga ruwa ba, da maganar su biyun ta zama abin karantawa bayan jana'iza. Masu ja da su suka ce makin na tattaunawa ne, shi kuwa bai tattauna ba. Aka tambayi Lantana, ta ce ita da ta kusa kashe yara da girman kai ba ta da bakin zaɓe. Su ukun kuwa kowa ya kira ni a ɓoye yana cewa a ba ɗayan.

Na miƙa suna, don dole ne in miƙa. Amma ba za ku ji shi daga bakina ba sai na ji naku. Ga mai gyaran da ta ƙi yin shiru, ga mai idon da ya ga abin da ya ɓace wa mutum arba'in, ga mai ƙafar da ta kai saƙo inda waya ta kasa. Gurbi ɗaya ne. To, da alƙalamin a hannunku yake, sunan wa za ku rubuta?