Gurguwar Kazar Nomau da 'Yan Tsakin Maƙwabci

An taɓa yin wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da daɗewa, ana ce masa Nomau. Ku saurara da kyau, jama'a. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Igiya yake tufkawa da rama, ranar kasuwa ya rataya a kafaɗa ya fita. Shi da matarsa Tabawa a da suna da kaji cike da akurki, sai annoba ta ratsa garin ta share su, ta bar musu guda ɗaya, wata mai launin wake-wake.

Ita ma ɗayar ba ta tsira lafiya ba. Akwai maƙwabcinsu Jatau, manomi mai zafin rai, wanda danga ce kawai ta raba su. Wata rana ya shanya gero, kazar ta ɓulla ta ƙasan danga ta sa baki. Jatau ya ɗauki dutse ya jefe ta, ƙafa ta karye. Nomau ya ɗaure ƙafar da kara da zare, ƙafa ta haɗe a karkace, kaza ta koma ɗingishi, har aka sa mata suna Gurguwa. Shi kuwa Jatau daga ranar ya daina amsa sallamarsa, kamar shi aka yi wa laifi. Kun san irin mutanen nan, ko? Kowace unguwa akwai su.

Ana nan, damina ta sauka. Gurguwa ta yi ƙwai, ta hau kwanci a bayan randa. Tabawa murna ba a magana. Kullum sai ta leƙa, ta dawo tana cewa, “Malam, gidanmu zai sake jin kukan zakara.”

Sai wata safiya aka ji ihu a gidan Jatau. Kazarsa da ta ƙyanƙyashe jiya-jiya, muzuru ya shiga ya ɗauke ta. Ga 'yan tsaki ko gashinsu bai gama bushewa ba, ga sama ta wuni tana yayyafi. Nomau na zaune a rumfa yana tufka, kukansu na shigo masa kunne. Da hantsi kukan da ƙarfi. Kafin la'asar ya fara dusashewa.

Ya ajiye igiya ya ce, “Tabawa, zan je in karɓo su, in sa wa Gurguwa.”

To, ku ji inda jarabawar take. Duk mai kiwon kaji ya sani, kazar da ke kwanci in ta ji motsin 'ya'ya a ƙarƙashinta, sai ta ɗauka aiki ya ƙare, ta tashi ta bar ƙwan. Ga shi kwancin Gurguwa ko rabi bai kai ba, kuma ba su da wata kazar da za a mayar wa ƙwan.

Tabawa ta dafa ƙirji. “Malam, ƙwanmu fa? Saboda mutumin da ya karya mata ƙafa?”

Ya ce, “'Yan tsakin ne suka jefe ta?”

“Ba su ba ne, amma mai su ne.”

“Na ƙwai ba su san zafi ba tukuna, Tabawa. Waɗancan ina jin kukansu tun safe. Amma kazar nan tamu ce mu biyu. In kin ce a'a, na fasa.”

Kukan ya sake ratso danga, siriri. Ta ja tsaki, ta miƙo masa ƙwarya da tsumma, ta ce, “Ka lulluɓe su, kada ruwa ya taɓa su.”

Nomau ya yi sallama a ƙofar Jatau har sau nawa kafin ya fito, fuska a murtuke. Da ya ji abin da ya kawo shi, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Me kake so a ciki?”

“Ba komai, Malam Jatau. In sun yi ƙwari in dawo maka da abinka.”

Jatau ya zuba masa su a ƙwarya, ko godiya babu.

Nomau bai yi gaggawa ba, domin in ka ajiye wa kaza baƙin 'ya'ya da rana tana gani, tsattsage su za ta yi. Ya ajiye su kusa da murhu suka sha ɗumi. Sai bayan magariba, da ido ya daina gani sosai, ya durƙusa a bayan randa. Ya ce bismillah, ya zura hannu ta bayanta, ya zare ƙwai ɗaya, ya tura ɗan tsako ƙarƙashin fiffike. Gurguwa ta kumbura ta kai masa sara a hannu. Tabawa na tsaye ta ce, “Ka gani, ita ma ba ta manta ba!” Ya yi dariya ya ci gaba. Ya zare, ya tura, ya dakata. Ya zare, ya tura, ya dakata.

Akwai wani baƙin tsako, shi ta ƙi. Da ya leƙo sai ta kai masa sara. Nomau ya mayar da shi can ciki, ya tare kanta da tafin hannu yana lallashi kamar da mutum yake: “Haba baiwar Allah, maraya ne, rufa masa asiri.” Can sai suka ji ta sauya murya, tana wannan ƙur-ƙur ɗin da kaza ke yi wa 'ya'yanta. Kukan ya ɗauke ɗif.

Da gari ya waye sai ga Gurguwa a tsakar gida, tana ɗingishi tana tono, su suna biye, baƙin nan har ya haye bayanta. Ƙwan kuwa sun lalace. Tabawa da kanta ta kai su juji, ta dawo tana share ido da gefen zane. Ba zan ɓoye muku ba, alheri yana da tsada.

Da 'yan tsakin suka yi fiffike, uwar ta fara korarsu, Nomau ya kama su ya zuba a kwando ya kai. Ya ce, “Ga amanarka. Ɗaya shirwa ta sure, ina can ciki ban ankara ba, ka yafe mini.”

Jatau ya dubi kwando, ya dubi Nomau. Da ƙyar ya ce, “An gaya mini ƙwanka ka zubar. Malam Nomau, ni ne mai neman gafara. Ɗauki rabi.”

Nomau ya ce, “A'a, ba don haka na yi ba.”

Sai muryar Tabawa daga bayan danga: “Shi ya ce a'a, Malam Jatau, ni ban ce ba!”

Jatau ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Mutanen unguwa suka ce rabonsu da ganin haƙoransa har sun manta. Aka raba kaji, amma su kajin ba su yarda da rabon ba. Na wancan gida su kwana a wannan, na wannan su wuni a wancan. Da aka gaji da kamu da mayarwa, Jatau ya zo da lauje ya yanke danga, ya yi ƙofa. Ta nan kaji ke bi, ta nan akushin tuwo ya fara bi, har aka wayi gari su biyun a tabarma ɗaya suke cin abincin yamma.

Na ga wasunku na jira in ce ya tsinci zinariya. Bai tsinta ba. Da tufkar igiyarsa ya koma ga Allah. Amma ya samu maƙwabci, kuma ladansa na wurin Wanda ba Ya mantuwa.

Abin da nake so ku tafi da shi ke nan, jama'a. Laifin babba ba ya hawa kan ƙarami, kuma alheri ba ya jiran sai wanda ya cancanta. Wani a cikinmu ya yi faɗa da ɗan'uwansa, ɗan'uwan ya rasu, ga 'ya'yansa can, ko leƙa su ba ya yi. Wata an kawo mata maraya riƙo, kwanonsa daban, shimfiɗarsa daban. Kaza ma da aka lallashe ta ta buɗe fiffike. Yau in kun koma gida, ku kasa kunne ta bayan katangarku. In kun ji kuka, kada ku tsaya tambayar ɗan wane ne.

Allah Ya ba mu ikon aikatawa. Ku ce amin.