Wanda Ya Toshe Maƙogwaron Bene

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, da mahaifinsu ya rasu ya bar musu benen shaguna, shi da ƙanwarsa. Wanda ya zana benen ya san aikinsa. Ya bar fili a tsakiya tun daga ƙasa har sama ba rufi, zafi ya fice ta nan, haske ya sauko. Da rana ba mai kunna fitila, fanka ma sai an ga dama. 'Yan haya na kiran wurin maƙogwaro, wai ta nan ginin ke numfashi.

Ƙanwar tela ce, shagonta na ƙasa, daidai bakin filin. Yayan ya so ta tashi ya riƙe benen shi kaɗai, amma kunyar idon mutane ta hana shi korarta da baki. Sai ya kira magina ya ce a zuba kankare a rufe filin, wai ofis zai ɗora a kai. Babban magini ya gargaɗe shi cewa zafi zai dafa mutane. Yayan ya yi dariya ya ce to su nuna.

Aka rufe. Shagon baiwar Allah ya koma kamar cikin tukunya. Da hasken waya take zura zare a allura, gumi na ɗiga a kan yadin mutane. Ta hau ta sami yayan.

"Yaya, ko 'yar kafa ce a bar mini."

Ya nuna mata ƙofar fita, ya ce ai ita ma kafa ce. Ta kwashe kekenta ta tafi.

To zafi ya san wurin wa aka aiko shi? Mai kemis ya ga magani na lalacewa, ya tashi. Mai aski ya bi shi. Yayan ya jera na'urorin sanyi, janareto ya yi ta gurnani har ya ƙone. Ya ce a fasa kankaren. Injiniya ya duba ya ce an ɗaure rodin kankaren da ginshiƙan bene, in aka taɓa, duka zai sauko. Yayan ya nemi sayar da benen, aka ce sai da yardar ƙanwa.

Ya sauke kai ya je. Ta ba shi kujera, ta ba shi ruwa.

"Na yafe maka, Yaya. Amma gumin Baba ba na sayarwa ba ne."

Yana nan har yau. Ba fasawa, ba sayarwa, ba ɗan haya. Tafiya ma ba dama, in ya matsa ɓarayi su kwance ƙofofi. Wuni yake cikin ofishin da ba taga, daga shi sai singileti, yana fifita da kwali.

Ya 'yan uwa, wa ya sayi iska? Wa ya ƙera rana? Allah ne ya ba kowa kyauta. In ka tare wa ɗan uwanka su don son zuciya, to ka sani kai ma a cikin ginin kake.

Allah ya kiyaye mu da zaluntar jininmu, ya sa kada hannunmu ya gina mana kurkuku. Amin.